Maƙwabcin Inna Kulu

Rubaɗin da ke unguwar Karantina, can ƙasar Makka, gidan tsofaffin mata marasa galihu, ya girmi duk wadda ke cikinsa. Wani attajiri ne ya gina shi tun alhazai na zuwa a jirgin ruwa, ya haɗa da gona da rijiya a hanyar Makka, ya yi waƙafinsu gaba ɗaya. Sharaɗinsa ɗaya ne: mai ɗa namiji a raye ba ta shiga. Titi ya cinye gonar tuntuni. Saura ɗan fili a bayan gida, inda tsofaffin ke shuka yakuwa da kuɓewa, kowace ta ɗaure ƙullinta da ƙyallen tsohon zaninta don masu saye su san na wace ce.

Ubale direba ya san sharaɗin nan sarai. Shekara tara da suka wuce, iƙamarsa, takardar izinin zaman ƙasar, ta mutu, ɗaki ɗaya ya yi musu kaɗan, ya ɗauki mahaifiyarsa Kulu ya kai ta, ya ce wa mai kula da gidan shi maƙwabcinta ne. A gida kuma ya ce wa matarsa Sauda tsohuwa ta koma Katsina. Ƙarya biyu a rana ɗaya, ko gumi bai yi ba. Daga baya ya samu kafili na kirki, ubangidan da ya tsaya masa, suka koma unguwar Bani Malik, ɗaki har uku. Kullum sai ya ce a ransa wata mai zuwa zai ɗauko ta, amma kunyar buɗe baki ta hana.

Ran nan da hantsi, Sauda ta ajiye ƙullin yakuwa kusa da kofin shayinsa. An ɗaure shi da ƙyallen koriyar atamfa.

"Baban Hind, ka gane zanen nan? Ni na ba Inna shi ran bikinmu."

Ubale ya ture kofin gefe, Sauda ta ci gaba.

"Shekara bakwai ina zuwa sayen yakuwarta. Ka ci, har kana neman ƙari. Ta sa na rantse ba zan faɗa maka ba, wai kada ka ji kunya. To halas, magana ta ƙare, an shafa wa rubaɗin jan fenti, ran Lahadi za a rushe. Yalla, maza ɗauko makullin mota."

Shi kaɗai ya tafi. Rabin unguwar ya zama tarin bulo da ƙura. A bayan gidan ya iske tsofaffin suna cirar irin kuɓewa suna ƙullawa a bakin mayafi, ko da za a samu ƙasa inda za a kai su. Kulu ta rame, ta rankwafa. Ta dube shi sau ɗaya ta ci gaba da aikinta.

Hajiya Asma'u mai kula da gidan ta gane shi nan take.

"Masha Allah, maƙwabcin Kulu! Kai za ka riƙe ta? Ku zo ku ga ɗan halal! Wallahi wasu 'ya'yan cikin ma ba sa yin haka."

Tsofaffin suka kewaye shi suna sa albarka, wata har tana shafa kansa. Da zagi suka yi masa da ya fi masa sauƙi. Hawaye ya cika masa ido, ya yanke shawarar faɗar gaskiya a gaban kowa, ko me za a ce a ce.

"Hajiya, ai ni ba..."

Kulu ta damƙe masa wuyan hannu, irin damƙar da take masa yana ƙarami idan za su tsallaka titi. Ta jawo shi ƙasa ta yi magana a kunnensa.

"Rufe bakinka. Shekara tara ina ce wa matan nan ban taɓa haihuwa ba. Kada ka mai da ni maƙaryaciya ranar rabuwarmu."

Sannan ta miƙa masa ƙullin kayanta, ta ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Mu je, maƙwabci. Allah ya ba ka ɗa mai jin ƙanka."

Matan suka amsa da amin. Ubale ya rungumi ƙullin ya bi bayanta.