Kwatance Mai Layi da Yawa

Injiniya yana danna maɓalli na ƙarshe wayar ta yi ƙara.

"Tashi mini daga kujera!" in ji Anti, mai karɓar kiran gaggawa, tana ture shi da gwiwar hannu.

Tun safe yake kan kwamfutarta. Manhajar da take tura wa direbobin motar asibiti saƙo da ita layi ɗaya tak gare ta na rubuta adireshi, alhali masu kira kwatance suke yi: bayan tankin ruwa, ka wuce mai faci, ka sha kwana. Rabin maganar sai ya yanke. Jiya direba ya yi ta bulayi a unguwa har wani tsoho ya cika a hannun 'ya'yansa. Shi ya sa Injiniya ya cire layin, ya sa faffaɗan akwati mai ɗaukar layi da yawa. Shugaban ofishin ya ce a bari sai ƙarshen mako a gwada, shi kuwa ya kasa jira.

Muryar wani mutum ta cika ɗakin, tana rawa. "Matata ce! Haihuwa ce, jini ya ƙi tsayawa!"

"Kwantar da hankalinka, ɗan'uwa. Ina ne gidan?"

Yana faɗa tana bugawa. Layi ya cika, rubutun ya gangaro ƙasa da kansa, ko harafi bai ɓace ba. Injiniya ya saki ajiyar zuciya. Anti ta doki maɓallin Enta kamar yadda ta saba shekara da shekaru, ta juya ga wayar.

"Mota na tafe. Ka ɗaga mata ƙafafu, ka yi ta yi mata magana."

Injiniya ya fita baranda ya sha ruwa. Da ya leƙa ƙasa, sai ya ga motar asibitin tana nan a inuwa, direban na goge gilashi yana fito. Nan take ya tuna. A tsohon layin, Enta ce ke tura saƙo. A sabon akwatin, sabon layi kawai take buɗewa. Ya yi wa tura saƙo maɓalli daban a gefe, bai kuwa gaya wa Anti ba.

Da gudu ya koma, ya fizge linzamin kwamfutar daga hannunta, ya danna sabon maɓallin.

"Kai, lafiyarka?"

"Saƙon bai tafi ba, Anti. Sai yanzu."

Ta dubi allon, ta dube shi. Jiniya ta tashi a ƙasa. A waya mutumin yana ta tambaya, "Sun kusa? Don Allah sun kusa?"

"Sun kusa," ta ce, idonta a kan Injiniya.

Bai iya zama ba. Rigarsa ta jiƙe sharkaf kafin rediyon magana da direbobi ya yi ƙara.

"Mun ɗauko ta, tana numfashi," in ji direban. "Wannan kwatance ya kai mu har bakin ƙofa. Amma da mun ƙara jinkiri kaɗan, da wani zancen ake yi."

Shugaba, da ya shigo ana cikin haka, ya dafa kafaɗar Injiniya. "Ka yi mini kunnen ƙashi, amma aikinka ya yi kyau."

Anti ta jira Shugaba ya fita. Sannan ta jawo kujera da ƙafa.

"Zauna nan, ƙanena. Masu karɓar aiki daga hannuna suna hanya. Ba inda za ka sai kowa ya danna wannan maɓallin a gabanka."

Ya zauna.