Maiwar Inna Salamata

Saura ƙiris in bar wannan labari a bakin turmi inda ya faru, don na ga kamar 'yan zangarniyoyin hatsi ba su isa a ɓata musu takarda ba. Amma tunda ya ƙi fita daga raina, ga shi.

A bazarar shekarar 2005, a unguwar Zongo ta Wagadugu, Inna Salamata ta daina cin abinci. Likita ya duba ta, ya ce tsufa ne kawai. Jikarta Fa'iza ta kai mata tuwon masara, ta dawo da shi yadda yake. Ta kai shinkafa 'yar waje, tsohuwa ta juya fuska bango.

"Masara abincin kaji ce," in ji ta. "Kunun maiwa nake so. Da shi aka yaye ni."

Fa'iza ba mai magana ba ce, ko gaisuwa sai an kasa kunne ake jin tata. Duk da haka ta daure ta bi masu hatsi tun daga unguwar Bilbalogho har ta Dassasgho. Ko'ina buhunan masara ne da shinkafa, sai ɗan gero mai tsada. Wata mai awo ta yi mata dariya ta ce, "Maiwa? 'Yata, kin makara da shekara goma."

Ita ma ta sani, don zauren gidansu ya daɗe yana faɗa. Marigayi Alhaji Dabo, mijin Inna, bafataken goro ne, kuma a gidansa wani manomi Bamoshe mai suna Boukari yake sauka in ya shigo birni. Duk kaka Boukari yakan kawo dami ɗaya, Inna kuma ta zare zangarniya guda ta soke a rufin zaure don albarka. Wanda ya ɗaga kai zai ga na bakin ƙofa dogayen maiwa ne kamar damtsen mutum. Gaba kaɗan sai gajeren gero mai saurin nuna. Daga nan har bango, masara ce zalla. Na rufin duk ƙwari sun cinye su, amma Fa'iza ta tuna da wata tukunya a ƙarƙashin gadon Inna, inda aka binne cikin toka ragowar wani ɗan damin maiwa na ƙarshe da Boukari ya kawo wa Inna daban, shekara uku da suka wuce.

Ta ciro zangarniyoyin, ta kakkaɓe, ba su ma cika ƙwarya ba. Tana ɗaga taɓarya ke nan sai ga ƙarar moto, wato babur, a ƙofa. Lassane ne, ɗan marigayi Boukari, da rabin buhun masara a baya.

"Tsaya, ƙanwata!" Ko sallama bai ƙarasa ba ya durƙusa ya ɗauki zangarniya ɗaya, yana shafa ta. "Irin babana ne. A ƙauyenmu yanzu babu ko ƙwaya."

Ya ce maiwa tana son damina mai tsawo, ruwa kuwa ya koma ɗaukewa tun ba ta cika ido ba. Shi ya sa kowa ya koma gajeren gero, masu fadama kuma suka kama masara da takin zamani. Bara ga fari, ga fara, sai da mutane suka ci har irin da suka ajiye. Amma akwai wani kwari a bayan gonarsa mai riƙe laima, da zai sami iri, da ya gwada.

Fa'iza ta sunkuyar da kai. "Na Inna ne. Ba ta cin komai."

Lassane ya mayar da zangarniyar cikin ƙwarya a hankali. "To daka mata. Rai ya fi iri."

Amma hannunta ya ƙi komawa kan taɓarya. Ta ɗauki ƙwaryar ta shiga ɗaki, ta faɗa wa Inna abin da ke nan. Tsohuwa ta sa aka kira baƙo.

"Yaaba, ya jiki?" in ji Lassane, yadda Mosawa ke kiran kaka.

"Jiki ga shi nan. Ku ne kuka cika gari da abincin kaji."

"Sama ce ta canza, Yaaba, ba mu ba."

"Ubanka ma haka yake ɗora wa sama laifi in ya yi lalaci." Ta dubi ƙwaryar. "Wannan kunun kwana nawa ne?"

"Biyu ko uku," in ji Fa'iza.

"In an shuka fa?"

"In Allah ya ba da ruwa, dammuna ne," in ji Lassane.

Inna ta rufe ido. "Ba shi. Ni na riga na cinye rabona."

Fa'iza ta gane abin da maganar ke nufi. Ta rungume ƙwaryar a ƙirji.

"Ba zan ba shi ba."

Inna ta buɗe ido. Lassane ma ya juyo.

"Sai kin yi alkawari za ki sha duk abin da na dama har kaka ta yi." Fa'iza ba ta tsaya nan ba. "In ya kawo damin, wa zai soke zangarniya a zaure? Ni ban taɓa yi ba, kuma ba zan fara bana ba."

"Ikon Allah," in ji Inna. "Ashe kina da baki? Shekara ashirin ina zaton bebiya na raina."

Lassane ya kawar da kai yana danne dariya. Tsohuwa ta dubi jikarta, ta ja tsaki.

"To. Amma ki zuba tsamiya da yawa, kada in san abin da nake haɗiyewa. Kai kuma, in ka bari tsuntsaye suka cinye min, kada ka sake tako zauren nan."

Lassane ya naɗe zangarniyoyin a tsumma, ya cusa cikin rigarsa maimakon ya ɗaura su a bayan moto.

Washegari da safe Fa'iza ta niƙo masarar da ta jiƙa, ta tace, ta dama kunu mai tsami har yana kama haƙori. Inna ta kurɓa ta yamutsa fuska, ta ce kaji suna da haƙuri, amma sai da ta sha ya wuce rabin kwano. Fa'iza ta karɓi kwanon, sannan ta jawo tukunyar nan daga ƙarƙashin gado, ta wanke ta, ta kife a rana ta bushe kafin kaka.