Ciyawar Roba

Azara tana ninke wanki wani ƙunshi ya faɗo daga aljihun wandon mijinta. Ƙwayoyi ne farare a cikin yagaggiyar jarida, ba kwali ba takardar likita. Daga ƙuryar ɗaki tana jin ƙas-ƙas ɗin ƙwallo a kan daɓe, mijin nata Ɗantsoho na juya sandarsa ta wasan hoki kamar yadda ya wuni yi tun shigowar mako.

Shekararsa arba'in da ɗaya. A Zariya ya koyi wasan, a filin makaranta mai tudu da kwari, kuma da wata ƙungiyar Alƙahira ta ɗauko shi a 1972, sai da Misirawa suka koyi faɗin sunansa dole. To amma yanzu 1986 ake ciki. An kwashe ciyawar filin an shimfiɗa ta roba, wadda ake jiƙawa da ruwa kafin wasa, ƙwallo ya riƙa gudu a kai kamar an harbo shi. Shi kuwa tuni aka mayar da shi mai ajiye sanduna da riguna.

Daga wurin shan shayi fitinar ta taso. Ɗalibai 'yan ƙasarsu da ke karatu a Alƙahira suka kaure da musu: in aka sa Ɗantsoho a wasan zamani, zai ko taɓa ƙwallo? Waɗanda ba su taɓa riƙe sanda ba su suka fi kowa zaƙewa. Magana ta yi ta yawo har kunnen shugaban ƙungiya, shi kuma ya hango abin tara 'yan kallo. Ya ce ranar Juma'a a sa tsohon kaftin cikin matasa.

Ta same shi a ɗaki, ta buɗe tafin hannunta.

"Baban Husaina, wannan fa?"

Ya kalla, ya kau da kai. "Na ƙarin kuzari ne. Mas'udu mai yi wa 'yan wasa tausa ya ba ni. Yaran ma duk sha suke yi."

"Su yaran, likita ya ce zuciyarsu ta kumbura? Bara a gabana ya ce ko mota kada ka bi da gudu."

"Ma'alish, yi haƙuri, Azara. Wasa ɗaya ne, khalas, shi ke nan. Kin san yadda ake ji mutum ya wanke rigar yaron da bai san sunansa ba?"

Ta zuba ƙwayoyin a masai. Bai hana ta ba, kuma rashin hanawar ya fi komai tsorata ta, don ta gane inda suka fito akwai wasu.

* * *

Bayan an sauko daga masallaci ta bar Husaina a wurin maƙwabciya, ta hau bas daga unguwarsu ta Ainu Shams ita kaɗai. Fili ya cika, robar na ƙyalli da ruwa.

Da aka fara, Ɗantsoho ya tsaya yadda ya saba a kan ciyawa, a miƙe, sanda a tsaye, yana jiran ƙwallo ya yi tsalle ya rage gudu. Ƙwallo a kan roba ba ya jiran kowa. Sau uku yana wuce shi, yayin da matasan ke duƙawa har ƙasa suna shimfiɗa sanda su tare. Aka fara dariya, wani ya yi fito. Azara, Allah Ya yafe mata, daɗi ta ji. Addu'a take a yi ta yi masa dariyar har a fitar da shi, ya sha kunya ya koma gida da ransa.

Aka tafi hutu. Ta ga Mas'udu ya miƙa masa ruwa da hannun dama, na hagu kuma a dunƙule. Ta miƙe ta kira shi, muryarta ta ɓace a cikin hayaniya.

Wanda ya dawo filin kamar ba mijinta ba. Ido a waje, baki a buɗe, yana gudu kamar ana kora shi. Ya duƙa yadda yaran ke duƙawa, ya tare ƙwallo, ya murza shi dama da hagu da wuyan hannun nan da babu wanda ya koya musu irinsa, ya wuce mutum biyu ya zuba a raga. Fili ya ɗauka, "Ya kaftin, ya kaftin." Kowa na kallon sandar da ya ɗaga sama. Ita kaɗai ta ga ɗaya hannun a dafe da ƙirji. Ta zauna tana ƙirga numfashinsa daga nesa har aka tashi.

* * *

Gidansu a hawa na huɗu yake. A na biyu ya zauna a kan matakala, gumi mai sanyi na tsatso masa, leɓunansa sun yi toka-toka. Ta riƙe hannunsa, ta ji jijiya na bugawa tana tsallake.

"Mu je asibiti, don Allah."

"Kin ga yadda suka tashi tsaye?" Murmushi yake yi, irin wanda ta shekara goma ba ta gani ba. "Shugaba ya ce tamam, na yi kyau. Ya ce kowace Juma'a zan riƙa shiga."

Ya sunkuya zai kwance igiyar takalminsa, yatsun suka kasa kamawa. Ta durƙusa ta kwance masa. Takalmin a jiƙe yake sharkaf da ruwan filin, ta riƙe shi a cinya, suna jiran ya sami numfashin da zai hau sauran benen.