Yaya Mai Ninki Ta Hau Bene

Shekara goma sha ɗaya ta yi tana ninke zanen gado a ɗakin wankin asibiti, can ƙasa inda babu taga, sai hucin injin busarwa da warin sabulu. Yaya abokan aikinta ke ce mata. Hannuwanta sun san aikin, ba sai ta bi su da ido ba: a haɗa kusurwa, a ninka uku, a ɗora. In ta koma gida ma zanen gado ke jiranta, don shekara huɗu ke nan mijinta na kwance, rabin jikinsa ya shanye. Tun tana kuka har ta daina. Yanzu ko dutsen guga ya ƙone ta, sai ta ga tabon take sani.

Aka kawo musu sabon shugaba, mai fara'a da yawan zance. Ya tarar mutum biyar sun ajiye aiki cikin wata shida, ragowar kuma jiki a sanyaye. Ya tara su.

"Ba wanki kuke yi ba," in ji shi. "Jinya kuke yi, sai dai ba ku taɓa ganin majinyatan ba. Zan kai ku ku gan su."

Mai guga ya ce, "To ranka ya daɗe, a ba mu farar riga mana, mu ma mu fara duba marasa lafiya."

Aka yi dariya. Yaya ta ci gaba da ninki.

Ranar Laraba ya hau da su ɗakin maza a hawa na uku. Wata nas ta gabatar da su, majinyata suka yi ta sa musu albarka. Mai guga, duk da bakinsa, sai da ya goge ido. Yaya ta tsaya a baya. Ta jira ta ji wani abu a ƙirjinta, ba ta ji ba. Ƙafafunta kawai ke ciwo.

A gadon ƙarshe wata budurwa na kokawar zare jiƙaƙƙen zane daga ƙarƙashin mahaifinta, ƙaton mutum da ba ya iya motsi. Tana ja, yana nishi.

"Ba haka ba, 'yata," Yaya ta ce. "Za ki karya bayanki."

Ta naɗe masa gwiwa ɗaya, ta dafa kafaɗa da ƙugu, ta mirgina shi gefe a hankali. Ta nannaɗe tsohon zanen zuwa tsakiya, ta shimfiɗa sabon, ta juyo da shi. Ko minti biyu ba a yi ba.

Budurwar ta riƙe mata hannu. "Mama, kwana tara ina wannan wahalar. A ina kika koya?"

"A gida."

A kan matakala shugaban ya cim mata, fuskarsa cike da murna. "Yaya, kin gani ko? Me kika ji a ranki?"

Ta yi tunani, don ba ta son yi masa ƙarya. "Ba komai, ranka ya daɗe."

Murnarsa ta ragu, amma bai ja zancen ba. Washegari ya tambaye ta ko za ta riƙa hawa duk Laraba, awa ɗaya, tana nuna wa masu jinya yadda ake juya mara lafiya. Ta ce to, kamar yadda take cewa to ga komai.

Bayan wata biyu mai guga ya samu aikin tuƙi ya tafi. Wasu biyu da suka yi niyyar tafiya suka fasa. Yaya tana nan. Masu jinya sun san ranarta, har kujera suke ajiye mata. Takan nuna musu sau biyu, ta sa su gwada, ta gyara musu riƙo. In sun yi godiya ta amsa, ta sauko ta tarar da tulin zanen gadon da ya taru kafin ta dawo.