Littafin Mai Raba Wasiƙu

Wani farfesa ya rubuta shafi ɗari uku a kan littafina mai shafi tamanin.

Aikina raba wasiƙu ne, shekara ashirin da shida a unguwa ɗaya. Da aka tashi ƙarar da ƙabilarmu, kwana biyar aka yi ana bin mu gida gida. Na tsira a ɗakin ajiya na gidan waya, a ƙarƙashin buhunan wasiƙu. Da na fito, babu sauran wanda zan kai wa takarda. Bayan shekaru na sayi littattafan rubutu irin na 'yan makaranta, na zauna na rubuta mutanen unguwar: wane gida, su wa ke ciki, yadda aka yi da su. Aji uku na yi a makaranta. 'Yata ce ta buga a na'ura. Mijinta, malamin sakandare, ya sa waƙafi da aya.

Farfesan ya zo ranar Talata da rikoda, ya zauna a kujerata ba tare da an nuna masa ba. Ya ce ya yi shekara huɗu yana nazarin tsarin littafin. Abin da ya fi ɗaure masa kai shi ne yadda na tsallake gida na goma sha huɗu, na bar shi sai a ƙarshe. Ya ce babi guda ya ware wa wannan, domin shiru ne mai magana, hikimar da ba kowane marubuci ke kaiwa gare ta ba.

Na ce masa kare ne. Gidan yana da mugun kare, kullum sai na gama zagaye nake komawa, lokacin mai gidan ya dawo ya ɗaure shi. Yadda nake tafiya da jakata haka na rubuta.

Ya yi murmushi, ya kashe rikodar. Ya ce a ilminsu, marubuci ba shi da hurumin faɗin abin da littafinsa ke nufi. Na tambaye shi to wa ke da shi. Ya gyara zaman tabarau.

Daga nan ya fito da abin da ya kawo shi. Bincikensa ya gano murya biyu a littafin: ta mai ba da labari, da ta mai gina labari. Mai aji uku ba zai iya ta biyun ba. Za a sake buga littafin, da gabatarwarsa shafi sittin a gaba, da sunan surukina kusa da nawa. Kalmar “shaida” da ke bango za a cire, a sa “labari”. Sa hannuna kawai ya rage.

Na dubi surukina. Ashe ya sani. Ya sa sabuwar riga, har da biro biyu a aljihu. Ya ce wa farfesan gaskiya babi na uku ya ba su wahala.

“Ku da wa?” na ce.

'Yata ta tashi ta ce za ta duba ruwan zafi.

Har yau akwai masu cewa ba a kashe kowa ba, wai mutanen sun yi ƙaura ne. Biyu daga cikinsu ina gaisawa da su a layin asibiti. Idan bango ya ce labari, kuma surukina da aka haifa bayan abin ya zama mai ginawa, sun sami abin nunawa. Na faɗa wa farfesan haka. Ya ce batu ne mai kyau, zai sa shi a ƙasan shafi.

Na ce wa surukina, tunda shi ya gina, ya faɗa mana wa ke gidan da ke bayan shagon tela, kuma 'ya'yanta nawa.

“Baba, ai ba haddace shi na yi ba.”

“Bakwai ne,” na ce. “Ƙaramin ko suna ba a yi masa ba.”

Farfesan ya ce tambayar ba ta shafi adabi ba. Ya ce in ban yarda ba, littafin zai ƙare a kantin da ba mai shiga, ba jami'ar da za ta karanta shi. Ya turo takardar yarjejeniyar gabana, surukina ya zaro biro ɗaya ya miƙo da hannu biyu.

“Mayar da abinka aljihu,” na ce. “Ba zan sa hannu ba.”