Gawayin da Kaka ta wanke

Mai kantin nan na bakin titi shi ya raba tsohuwa da jikarta, kuma ya san shi ne.

Shi ya sayar wa ɗanta matatar ruwa: bokiti biyu, ɗaya kan ɗaya, a tsakaninsu gwangwani cike da gawayi. Ya ce an jiƙa gawayin da ruwan azurfa mai kashe ƙwayoyin cuta. Mai kantin ya zo har gidanta ya haɗa, ya buɗe famfon ya kurɓa, ya miƙa mata takarda ya yi gaba. Ita da ko sunanta ba ta iya karantawa.

Mace ce mai tsafta. Abin da ake shan ruwa a ciki ba ya mako a gidanta bai ga sabulu ba. Sai ta ɓalle gwangwanin, ta zazzage gawayin a tire, ta cuɗe shi da kumfa, ta shanya a rana. Ashe azurfar take wankewa.

Ana haka gudawa ta kwantar da yarinyar, kwana huɗu a asibiti. Ɗan ya zo ya tarar da gawayi a shanye, ya dafe kai. Surukar ba ta ɗaga murya ba. Ta dai ce yarinya ta gama zuwa gidan Kaka.

Yau wata uku. Jan kofin yarinyar yana nan rataye a ƙusa. Silifas ɗinta ƙafa ɗaya yana ƙarƙashin gado, tsohuwa tana share gefensa ta bar shi. Ba mai haye mata cinya yana cewa, "Ƙawata, buɗe baki in ƙirga haƙoranki, saura nawa?"

Rannan ta ƙulle gwangwanin a gefen mayafi ta nufi kantin, ta dire masa shi a kan tebur gaban masu sayayya. Ya yi 'yar dariya, ya ce ai Mama komai yana rubuce, ba a wankewa, canzawa ake yi.

"A rubuce wa wa? Bakinka ciwo yake yi ranar?"

Ya ce zai ba ta sabo kyauta. Ta ture.

"Riƙe gawayinka, ɗan nan. Rufe kantin ka wuce gaba. Gidan ɗana za mu, ka tsaya gaban matarsa ka ce ba ka gaya mini ba. Ba inda za ni sai ka ɗauko makulli."