Madigadin Baya

Dogo ya kifa kekensa a tsakiyar ɗaki, sirdi a ƙasa, tayoyi a sama, ya jawo kujera ya zauna yana kallonsa kamar yau ya fara ganinsa. Keken tsere ne, siriri, mai lanƙwasasshen kai, wanda aka ƙera don gudu a kan kwalta. A gefe, kan tsohuwar jarida, ga sababbin madigadi biyu, baƙaƙe, da 'yan sandunansu na ƙarfe da ƙullin notoci.

Shekara da shekaru shi da amininsa Tela suke fita da safiyar ranar hutu, su bi titin da ya nufi bayan gari. Dogo ne a gaba kullum, don shi ke tare iska, Tela kuwa yana manne da tayarsa ta baya. Da rani lafiya lau. Da damina, duk ruwan da tayar Dogo ta kwaso, a fuskar Tela take sauke shi. In sun tsaya hutawa sai Tela ya cire tabarau yana gogewa da gefen riga, yana cewa shi dai bai san abin da ya tsare wa Dogo ba, da zai riƙa yi masa wanka da laka duk mako.

Masu keke suna da ƙa'idarsu. In za ka shiga gaban mutum a jiƙaƙƙen titi, sai ka sa madigadin baya, mai leɓe har kusa da ƙasa. Na gaba kanka yake karewa, na baya kuwa don wanda ke bin ka ne. Tela ya sa nasa tun tuni, alhali babu kowa a bayansa. Dogo ya ƙi. Kullum sai ya ce keken ba shi da wurin, kuma abin zai ɓata masa kyau.

Ana nan, wata safiya Tela ya yanke jiki ya faɗi a shago, almakashi a hannu. Ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Da Dogo ya je duba shi a asibiti, ya yi ta murza hularsa, can dai ya tambaye shi yaushe za su koma titi. Tela ya dube shi da karkataccen baki, maganarsa na fita da kyar.

"Ranar da ka sa madigadi, Dogo. Kafin nan ba ni ba bin ka."

Ma'aikaciyar jinyar da ke gyara masa matashi ta yi dariya. Dogo bai yi ba. Ya ɗauki maganar ya ajiye a ransa, ya fita ya sayo madigadi.

Na gaba ya shiga da ɗan kokawa. Na baya ne ya tsaya masa a wuya. Akwai wani guntun ƙarfe da ya haɗa ƙafafun jikin keken biyu a saman taya, inda aka ɗaure birki, kuma tsakaninsa da taya ko ɗan yatsa ba ya wucewa. Laifin ma nasa ne, don shi ya sa tayoyi masu kauri tun da bayansa ya fara ciwo, saboda su sha masa gargadar hanya. Ya tura madigadin da dabara ya ɗaure, ya juya feda, taya ta ƙi motsi. Ya sace iska, ta juya. Ya buga famfo, ta sake cijewa. Ya kwance, ya lanƙwasa sandunan, ya matsa nan ya sassauta can, har hannunsa ya yi baƙi, yatsansa ya fashe a bakin noti. Duk sanda ya juya, sai ya ji wannan ƙarar gugar, sii, sii, kamar ana wasa wuƙa.

Ya tura keken wurin mai gyara. Mutumin ya tsuguna ya leƙa, ya kaɗa kai, ya ce waɗanda suka ƙera wannan ba su taɓa tunanin ruwan sama ba. Hanya biyu ce: ko a koma wa siraran tayoyi, ko a yanka madigadin gida biyu daidai wurin birki, a haɗa shi da ɗan ƙarfe ta sama. Da aka gwada siririyar taya, ta juya, amma ratar da ta rage ƙanƙanuwa ce, tsakuwa ɗaya za ta toshe ta.

"Baba, ka zaɓa," in ji mai gyara. "Ko bayanka ya sha wuya, ko keken ya yi muni."

Dogo ya ce a yi duka biyun. Amma yankan, shi zai yi da hannunsa. Ya karɓi zarto ya yanka sabon madigadin, ya goge bakin, ya huda, ya haɗa. Ya yanko leɓe daga wata tsohuwar roba ya ɗaura a ƙarshe. Keken da ya yi shekaru yana taƙama da shi ya koma kamar na ɗan aike. Amma da ya juya taya, shiru, sai ɗan ƙis-ƙis na sarƙa.

Ranar da ya kai shi gidan Tela ana yayyafi. Kowane rami a hanya sai da ya ji shi a ƙugunsa, bai damu ba. Matar Tela ta tare shi a bakin ƙofa, ta gaishe shi, ta ga keken, sai fuskarta ta sauya. Ta ce, Yaya Dogo, da shi za ka shiga? Ta ɗage masa labule.

Tela yana zaune a kujera kusa da taga, hannunsa na hagu a kan cinya. An dawo da keken ɗinkinsa daga shago an lulluɓe da zane. A bango kuma, kan ƙugiya, ga keken hawansa a rataye, tayoyin sun sace.

Tela ya ce a matso masa da keken Dogo. Dogo ya ɗaga bayan keken, Tela ya juya taya da hannunsa mai lafiya, ya karkata kunne. Ya bi madigadin da yatsa har wurin haɗin, ya taɓa notocin, ya ce wannan ai faci ne, kuma facin ma ya karkace, da yaron shagonsa ne ya kawo masa irin wannan aiki da ya sa shi ya warware. Suka yi dariya, har Tela ya goge yawu a gefen bakinsa.

Dogo ya samu ƙarfin gwiwa. Ya ce damina ba ta ƙare ba tukuna. Ba sai sun yi nisa ba, daga nan zuwa ƙarshen layi ma ya isa, a hankali, shi zai tare iska kamar kullum. In ƙafar ta yi nauyi a fara da turawa. Yana ta magana, abin da ba halinsa ba.

Tela bai katse shi ba. Sai da ya gama, sannan ya kama hannunsa na hagu da na dama, ya ɗaga shi kamar kayan wani, ya ɗora a kan hannun birkin keken Dogo. Yatsun suka zame suka faɗo. Ya sake ɗorawa. Suka sake zamewa.

"Likita ya gaya mini tun kafin a sallame ni, ni da hawa keke har abada," ya ce. "Tsokanarka kawai nake yi, Dogo. Ban san za ka je ka yanka kekenka ba."

Dogo ya ce ai ba keken ya yanka ba, madigadi ne. Ya ji kansa yana wannan gyaran, ya sunkuyar da kai. A bayan labule matar Tela ta ja hanci, ta koma ciki.

Can Tela ya ɗaga haɓa ya nuna bango. Ya ce akwai alfarma ɗaya. Duk safiya in ya buɗe ido, wannan keken yake fara gani, kuma ya gaji. Matarsa ta kasa sauke shi, shi ma ya kasa ce mata ta sauke. Yana so Dogo ya tafi da shi, ya ba wanda ya ga dama, kada dai ya gaya masa ko wane ne.

Dogo ya miƙe ya sauke shi daga ƙugiya. Inda ya daɗe a rataye, taya ta bar baƙin tabo a fenti. Ya so ya ce zai ajiye masa har ya warke, ya dubi fuskar Tela, ya haɗiye maganar.

A waje yayyafin ya ƙaru. Mutum ɗaya ba ya hawa keke biyu, don haka ya kama nasa da hannun dama, na Tela da hagu, ya bi gefen titi a ƙafa. Fedojin suna ta bugun ƙaurinsa, tayoyin keken Tela da suka sace suna ja da nauyi, dole ya riƙa rage sauri.